Daɓen Ɗakin Hajo

Hajo tana tsakiyar waƙa ta kife. Ba ta yi ƙara ba, ba ta kira sunan kowa ba. Tana durƙushe a sahun gaba, ta ɗaga madaɓi za ta sauke, sai kawai ta tafi kamar mai sujada, goshinta ya nutse a jiƙaƙƙiyar tsakuwa. Mu da ke baya ba mu lura ba. Kanmu na ƙasa muna ta duka, muka ba da amshi, muka jira ta ɗauko baiti na gaba. Shiru. Muka sake amsawa, a zatonmu numfashi take ja. To sai ga baitin ya zo, daidai inda ta tsaya, da muryar nan tata mai kauri kamar ta namiji, mai 'yar tsaga a ƙarshe saboda taba da goro. Amma ba daga gaba ya zo ba. Daga bakin ƙofa ya zo, inda 'yarta Dije take zaune da ƙwaryar ruwan makuba a cinya.

Dije a lokacin ko haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba. Na ɗan girme ta, shi ya sa ni aka ba ni ƙaramin madaɓi, ita aka bar mata yayyafa ruwa. Muryarta ta kanta siririya ce kamar ta ɗan mage, kuma ba ta cika amfani da ita ba. Amma ga ta nan, idonta a kan bayan uwarta, bakinta na buɗewa, Hajo na fitowa. Madaɓai suka dinga tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa da muke kira Gwaggo Tabawa, wadda ta fi kowa daɗewa a harkar daɓe, ta rarrafa ta juya Hajo, ta dafa wuyanta, ta yi salati a hankali. Mata suka tashi. Ƙofa ɗaya ce, kuma Dije na zaune a bakinta, haka suka dinga tsallake ƙafafunta suna fita, ba mai yarda zanenta ya taɓa yarinyar. Ita kuwa ba ta daina ba. Sai da uwata, Inna Asabe, ta zo ta rufe mata baki da tafin hannu. Inna ta faɗa mini daga baya cewa ta daɗe tana jin waƙar tana motsi a cikin hannunta kamar ta kama ƙwaro.

Yaran yanzu ba su san daɓe ba, bari in faɗa. A garinmu, can ƙasar da Faransawa suka riƙe, ba nisa da iyaka, in an gina ɗaki ba a shiga sai an daɓe ƙasansa. Maza su kawo tsakuwa su baje, shi ke nan nasu ya ƙare, a kore su. Mata su taru tun hantsi, kowa da madaɓinta, guntun icce ne mai faɗin baki da mariƙi. A jiƙa ƙasa da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ya yi ja kamar shayi mai ƙarfi. A durƙusa sahu-sahu a yi ta duka daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya har ƙofa. Kuma ba a yi shiru. Dole sai da zabiya mai ba da waƙa, sauran suna amsawa, madaɓi na sauka tare da amshi. Tsofaffi sun ce ƙasar da aka daka ba waƙa ba ta kwanciya, tsagewa take yi, kunama ta samu gida. Waƙoƙin ma ba na masallaci ba ne. Zagin maza ne da tonon silili, a kira sunan mutum a faɗi abin da matarsa kaɗai ta sani. Namiji in ya ji ana daɓe a unguwa, hanya yake canzawa.

Yanzu ga ni a Doha, wajen 'yata Rabi da ke aikin likita. Muna can sama a bene, inda ko tsuntsu sai ya yi niyya yake zuwa. Ƙasan gidan nan tayil ne fari, sumul, mai sanyi kamar bayan kifi. Na tambayi Rabi wa ya yi shi, ta ce ina za ta sani. Gida guda kana kwana a kansa ba ka san hannun da ya shimfiɗa shi ba. Mu da, in ka shiga ɗaki ka san muryar wa ke ƙarƙashin tabarmarka. Nan kuwa gini ake yi ba dare ba rana, mutane kamar tururuwa, daga kowace ƙasa, ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga murya ba. Akwai wani inji da suke turawa yana dukan ƙasa, dif dif dif. Ranar da na fara jin sa daga taga, hannuna na dama ya dinga ɗagawa da kansa. Na zauna a kansa.

Hajo ita ce zabiyar garinmu. Rabin ɗakunan garin da muryarta aka daɓe su, amma ita ba ta da ko ɗaya. Tun tana budurwa ta tafi birni aikatau, ta dawo da goyo fara sol mai gashi kamar gemun masara. Uban wani Bature ne na kamfanin gyaɗa, ya koma ƙasarsu tun kafin yarinyar ta iya zama. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya ce ga wuri. Yau ta kwana a ɗakin girkin wannan, damina ta yi ta a zauren wancan, ita da 'yar da ƙullin kayansu. A haka Dije ta tashi. Wasanta shi ne tsakuwa, abin kwanciyarta buhun gyaɗa, abincinta furar da ake damawa masu daɓe. In muna wasa yara su ja gashinta su ce a ba su su ɗaure akuya. Ba ta kuka, sai dai ta tsaya tana kallonka har kai ka gaji. Sai can da girma ya fara kama Hajo, wanta Mati ya bar mata wani lungu a kangon ubansu. Ita ta kwaɓa ƙasa da ƙafarta, ita ta yi tubali. Ɗakin da muke daɓewa ranar nan nata ne, na farko a rayuwarta. An kai rabi ta faɗi.

Aka binne ta da la'asar. Ɗakin ya tsaya haka, ƙurya jawur tana sheƙi, wajen ƙofa tsakuwa tsirara.

Abin bai tsaya nan ba. Ni ba da dare na san tsoro ba, da rana tsaka na san shi. Lokacin da inuwa ke shigewa ƙarƙashin ƙafar mutum, kaji su buɗe baki, gari ya yi tsit, manya su hana yara fita don sun ce ba mu kaɗai ke yawo a wannan lokacin ba. To a lokacin ne Dije take sulalewa ta shiga ɗakin nan ta zauna a kan iyakar da aka tsaya. Sai ka ji Hajo ta ɗauko waƙa. Ta ba da baiti, ta yi shiru daidai tsawon amshi, ta ba da na gaba. Duk unguwa na ji, kowa na kwance a ɗakinsa ido biyu, ba mai amsawa. Wannan shirun na tsakani shi ya fi waƙar muni. Matar da ke daka sai ta ajiye taɓarya, don kada sautin ya faɗa daidai wurin ya zama ta amsa. Har yau in na leƙa titin Doha da azahar a watannin zafi, ba mutum ko ɗaya, gine-gine na rawa a cikin hucin rana, sai in kama kaina ina kasa kunne.

Wata rana na bi ta. Na tsaya daga waje na jira ta kai aya.

Na ce, "Dije, ke kike yi ko ita?"

Ta ce, da 'yar muryarta, "Ni dai buɗe baki nake yi."

"Da zafi?"

"A'a. Kamar in ta goya ni tana waƙa, ina ji a ƙirjina. Haka yake."

"Ba kya tsoro?"

Ta dube ni kamar na tambayi shirme. Ta ce, "Iyata ce fa, Lanti."

Na ba Rabi wannan labari, ta ce ai yaro mai kunne yana iya kwaikwayon komai, musamman in ya firgita. Wataƙila. Ita ta yi karatu. Na dai ce mata ta kwaikwayi muryata in ji, ta kasa, muka ci gaba da cin tuwo.

Wurin kwana ya gagari Dije. Gidan da duk Hajo ta taɓa raɓawa suka ce ɗakin girkinsu ya cika da itace. Inna ta kawo ta namu, Baba ya haƙura kwana biyu, rana ta uku ya ce shi fa ba zai iya cin abinci mamaciya na kallon sa ba. Inna ta mayar da ita bayan rumbu, ta kafa mata zana. Mati kuwa, wanda shi ne dolenta, abin ya fi damun sa, domin cikin waƙoƙin da ake yi da rana tsaka har da wadda Hajo ta taɓa yi masa, ta yadda yake lasar murfin tukunya in ba kowa. Da tana raye dariya ake yi. Yanzu ya zama kullum azahar sai ƙanwarsa ta taso daga kabari ta tona masa asiri, kuma ba mai dariya.

Ana haka akawun kamfanin gyaɗa ya zo da saƙon baki. Labari ya kai wa Baturen nan, ya ce a aiko masa da yarinyar. Akwai wata Baturiya da ake ce wa Madan, matar wani babba a kamfanin, za ta koma gida, za ta biyo ta garinmu a kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ranar kasuwa, sai a haɗa su. Mati ya amsa tun akawu bai rufe baki ba.

Inna ta same shi a ƙofar gida yana gyaran igiya. Ina bayanta.

"Malam Mati, ashe kyauta za ka yi da 'yar ƙanwarka."

"Ubanta ne ya kira ta, Asabe."

"Uban da bai san ko tana da hanci ba? Su ci da ita alade, su aske mata suna?"

"To ki ɗauke ta mana. Ai na ga mijinki ya shimfiɗa mata gado a bayan rumbu."

Mati ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ni ba mugu ba ne. Ki sa abin nan ya daina, in bar ta. In bai daina ba, ranar kasuwa ta hau mota. Can ba su jin Hausa, ta je ta zage su."

Daga nan muka wuce wajen Gwaggo Tabawa. Tana tsinkar zogale ta saurari Inna har ƙarshe, sannan ta ce mu duka wawaye ne, har da ita. Ta ce ai waƙar daɓe ba a barin ta a buɗe. In an zo tafin hannu na ƙarshe a bakin ƙofa, zabiya takan fita ta durƙusa a dokin ƙofa, ta kai bakinta dab da ƙasa, ta faɗi baitin rufewa a hankali yadda ƙasa kaɗai za ta ji, sannan a sauke madaɓai gaba ɗaya a kai. A nan waƙar ke kwanciya, ta zauna a ɗakin, zabiya ta tashi da bakinta wayam. Hajo ta buɗe ba ta rufe ba, waƙa ta rasa wurin kwana, ta shige inda ta samu ƙofa. Kuma muryar da ta buɗe ita ke rufewa, ba a aro.

Ta ce, "A ƙarasa daɓen. Yarinya ta ba da waƙa, ta rufe. Uwar ta kwanta a ɗakinta, ai don shi ta wahala. Ni kuma in kwaso tsummokarana in dawo ciki da yarinyar, in riƙe ta. Na gaji da surukata dama."

Inna ta ce, "Wa zai zo?"

"Duk wadda Hajo ta daɓe wa ɗaki. Wadda ta ƙi, ki ce mata ni zan je in yi mata waƙa a ƙofar gida, kuma na san abin da zan faɗa."

Kafin in faɗi yadda aka yi, bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, ni da sai da jikokina suka shiga makaranta na koyi haɗa baƙi. Kwanakin baya Rabi ta ja ni wani katafaren kanti a Lusail, wai za ta sayi turare. Da rana ne, waje kamar tanda, ciki kamar randa. Ba kowa a shagon sai mu da yarinyar da ke sayarwa. Kiɗa na fitowa daga rufi a hankali, irin wanda ba a saurara. Sai wata mata ta fara waƙa da Faransanci. Ban san me take cewa ba, Faransancina bai wuce gaisuwa da zagi ba. Amma kaurin nan, da tsagar nan ta ƙarshe. Ta ba da layi, ta yi shiru, kiɗan ma ya yi shiru, sannan ta ba da na gaba. Na ji leɓena na motsi, na cusa gefen mayafi a baki. Yarinyar shagon ta kawo mini kujera.

Rabi ta ce, "Mama, sugan ne? Yalla, tashi mu je mota."

Na ce, "Wace ce wannan?"

"Wa?"

Na nuna rufi. Ta ɗaga wayarta sama kamar mai neman sabis, sai ga sunan mai waƙar da hotonta sun fito. Sunan na Faransawa ne, harshena bai iya shi ba, kuma ba zan rubuta ba don ba nata ba ne. Tsohuwa ce mai farin gashi a cukurkuɗe, da baƙar riga, ta tsaya tana kallon mai ɗaukan hoto irin kallon da sai kai ka gaji. Rabi ta ce ai shahararriya ce, har sarakunansu sun san ta, ta rasu 'yan shekarun baya. Na ce to matattu biyu ke nan a murya ɗaya, an sa su tallar turare.

A mota ta karanta mini tarihinta. Wai an haife ta a wani wuri a Afirka, ba a san ina ba. Wai matar uban ta ƙi karɓar ta, aka kai ta gidan marayu na matan coci masu fararen lulluɓi. Wai ta gudu, ta yi wanke-wanke a wata mashaya a bakin teku, tana kwana a ƙarƙashin matakala, tana waƙa a titi ana jefa mata abin da aka jefa. Wai masana sun yi ta rubutu a kan shirun da take bari a tsakanin layuka, sun ce salo ne da ita ta ƙirƙiro. Kuma wai duk wanda ya tambaye ta yarintarta sai ta ce ba ta tuna komai kafin jirgin ruwa. Ko ta manta ne, ko ta ga ba su isa ta faɗa musu ba, Allah ya sani. Su dai daga wanke-wanke suke fara labarinta, suna ganin nan ne ƙasa. To akwai ƙasan ƙasa, kuma ina wurin, kuma duk wanda ke wurin ya mutu sai ni.

To mu koma garinmu. Ranar kasuwa aka sa za a ƙarasa daɓen, da sassafe, don kamiyo sai bayan azahar yake tashi. Matan da suka zo ba su cika sahu biyu ba. Wata ta ɗaura laya a damtse, wata ta zo da ciwon kai a shirye ko da za a buƙaci gudu. Gwaggo ta sa aka sake jiƙa tsohon wurin har ya yi laushi, ta zaunar da Dije a tsakiya, ta ce, "To 'yar nan, kira mana ita." Dije ta dubi ƙasa. Muka ɗaga madaɓai muka riƙe a sama. Sai Hajo ta ce:

"Ƙasa kwanta, mai ɗaki ta gaji."

Ba wanda ya taɓa jin wannan baitin a bakinta tana raye. Inna ce kaɗai ta amsa, "Kwanta, ƙasa, kwanta." Madaɓinta ya sauka shi kaɗai. A na biyu Gwaggo ta shiga. A na uku duk muka shiga.

Abin da ban taɓa iya bayyana wa kowa ba shi ne, ba a daɗe ba tsoron ya tafi. Kanka na ƙasa, gumi na zuba, ba ka ganin mai waƙa, kunnenka kawai ke aiki, kuma kunne ya ce Hajo ce. Ta zagi mahauta, ta zagi mai unguwa da tafiyarsa ta agwagwa, ta ɗauko ta Mati da murfin tukunya, mata suka fashe da dariya har wata ta faɗi gefe. Mai layar nan ta ce, "Hajo, ko lahira ba ta gyara miki baki ba." Wasu da suka ƙi zuwa suka jiyo daga gida, sai ga su da madaɓai suna cewa a matsa musu. Wata tana duka tana hawaye tana amshi. Ƙamshin makuba ya cika ɗakin. Ban taɓa ganin daɓe mai kyan wannan ba, ƙasa ta kwanta jawur kamar hanta, kana iya ganin inuwarka. Muna ja da baya, Dije na ja tare da mu, har muka fito waje muka yi da'ira a bakin ƙofa. Saura wuri kamar faɗin faifai.

Rana ta take tsaka. Gwaggo ta ɗaga hannu, madaɓai suka tsaya a sama. Ta kama kafaɗar Dije ta durƙusar da ita a dokin ƙofa, ta raɗa mata baitin rufewa a kunne. Ta ce, "Kai bakinki ƙasa ki faɗa mata. A hankali."

Dije ta sunkuya har gashinta ya taɓa tsakuwa. Muka jira. Kuda na ta yawo a kan ƙwaryar makuba. Hannuna ya fara ciwo.

Ta ɗago. Da ƙaramar muryarta ta ce, "Gwaggo, in na faɗa, za ta ƙara yin magana?"

"A'a. Za ta huta."

"Ko da rana?"

"Ko da rana. Shi ke nan, kin rabu da abin."

"To in ina son ta fa?"

Gwaggo ta ce, "Ga ɗakinta, kina ciki. Ga ni. Ga Asabe, ga ƙawarki Lanti. Ki yi ta kwana a kanta har ki tsufa."

Dije ta leƙa ɗakin. Ta daɗe tana kallo. Ɗaki ne mai kyau, ba ta taɓa kwana a irinsa ba.

Ta ce, "Ban so."

Inna ta ajiye madaɓi ta durƙusa a gabanta. "Dije, dube ni. Kamiyo na tasha. Kin san inda za a kai ki? Ba mai jin maganarki a can, ba tuwo, ba kowa naki. Kalma nawa ce? Faɗi kawai, mu buga, mu je in dama miki fura da nono mai yawa."

"Ku kuna da naku iyayen."

"Ni zan zama uwarki."

"Muryarki ba irin tata ba ce."

Wata daga baya ta ce a matse ta mana, yarinya ce, ta faɗa ko ba ta so. Dije ta ji. Ta sa hannu biyu ta toshe bakinta, ta danne da ƙarfi har yatsunta suka yi fari. Inna ta juya wajen Gwaggo ta ce bari ita ta faɗa a madadinta, ai ta ji baitin. Gwaggo ta ce ko ta faɗa iska ce. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, aka kawo alewa. Ni ma na ce mata in ta faɗa zan ba ta madaɓina. Ta dube ni ta saman hannuwanta, ba ta sauke ba. Muna nan rana ta shanye ruwan wurin, tsakuwar ta koma fara. Madaɓai suka sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba a kan komai ba.

Mati ya zo da ƙullin kayan Dije a hannu, dama ya ɗaure tun safe. Ya dubi ɗakin, ya dubi faɗin faifan nan.

Ya ce, "An rufe?"

Gwaggo ta girgiza kai.

Ya ce wa Dije, "Tashi mu je."

Ta tashi da kanta, ba a ja ta ba. Ta bi bayansa hannu a baki, mu kuma muka bi bayanta, mata da yara, da madaɓanmu, zannuwa duk jan makuba. Muka ratsa kasuwa a haka, masu awo suna tsayawa suna kallo. Kamiyon na ƙarƙashin ɗorawa, an lafta masa buhuna har sama. Madan na tsaye a gefe da faffaɗar hula da mafici, fuskarta ta yi ja. Ta dubi Dije sama da ƙasa, ta dubi ƙafafunta masu laka, ta yi wa akawu magana. Akawu ya ce ta ce a ɗora ta a baya tukuna, in an kai birni a yi mata wanka. Karen mota ya cira ta ya miƙa sama, ta zauna a kan buhun gyaɗa, ƙafafu na lilo. Inna ta cilla mata ƙullin ƙuli-ƙuli, ya faɗi kusa da ita, ba ta ɗauka ba don hannuwan ba su da sarari.

Karen mota ya zagaya gaba ya fara juya ƙarfen tayar da inji. A nan Dije ta sauke hannuwanta. Hajo ta ɗauko waƙar tun daga farko, da ƙarfi, a tsakiyar kasuwa, gaban maza. Mati ya sunkuyar da kai. Mahauta suka tsaya da wuƙaƙe a hannu. Madan ta daina fifita. Ta waiga tana neman babbar matar da ke waƙa, ta bi fuskokinmu ɗaya-ɗaya, ta ga duk bakinmu a rufe. Ta leƙa bayan mota. Sannan ta ɗaga kai, ta riƙe hularta, ta ga yarinyar a kan buhuna.

Hajo ta kai ƙarshen baiti ta yi shiru, tana jiran amshi. Madan ta maƙale maficin a hammata, ta fara tafi.